Waiwaye: Elefsina, garin da kufai da masana'antu suke maƙwabtaka

Elefsina ƙaramin gari ne a bakin teku, kusan kilomita 20 yamma da Atina, babban birnin Girka. Mutanensa wajen dubu 30 ne. Mai shigowa yau, abin da zai fara gani shi ne matatar mai da tsofaffin jiragen ruwa masu tsatsa a gaɓa. Amma sunan garin ya girmi hayaƙin da nisa.

Sama da shekara dubu Girkawan dā suna tattaki daga Atina zuwa nan kowace kaka, domin bikin asirin Dimitra, wadda suke bauta wa don albarkar gona. Wanda ya tona abin da ya gani a ciki, hukuncinsa kisa. A nan aka haifi Eskilos, marubucin wasan kwaikwayo, wajen shekara ta 525 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bikin ya mutu a ƙarshen ƙarni na 4, bayan rundunar Alarik, sarkin ƙabilar Goth, ta ragargaza wurin a 396.

Duk da haka manoman ƙauyen ba su saki wurin ba. Akwai wani ƙaton mutum-mutumin mace na dutse da suke tara taki a gindinsa, suna ganin shi ke sa gona ta yi kyau. A 1801 Baturen Ingila, Edward Clarke, ya ɗauke shi duk da ƙin amincewarsu. Har yau yana gidan tarihi na Fitzwilliam a Kambirij. Wannan asara tana ci mini rai, domin ba kayan kallo aka raba su da shi ba.

An fara haƙar kufan gadan-gadan a 1882, lokacin kuwa masana'antu sun fara sa ƙafa: ta sabulu tun 1875, sai ta siminti ta Titan ta biyo a 1902, daga baya ta fenti da ta barasa. Girkawa 'yan gudun hijira daga Anatoliya, a Turkiyya ta yau, bayan 1922 suka cika unguwanni, suka ba da ƙarfinsu. Aiki ya samu, amma fasa dutse ya cinye tudun da ke kusa da kufan, teku ta gurɓace, ƙurar siminti ta sauka a kan shanyar mata.

Da masana'antu da dama suka rufe, hukumar garin ta fara kallon kangonsu a matsayin gado. Bikin Eskiliya na fasaha da wasan kwaikwayo, mai ɗauke da sunan Eskilos, wanda aka fara a 1975, yanzu cikin tsohuwar masana'antar sabulun ake yinsa. A 2016 aka zaɓi Elefsina ta zama babban birnin al'adu na Turai na 2021, annobar korona ta ɗage shi zuwa 2023.

A ganina hukumar ta yi daidai da ta ƙi wa'azantar da jama'a cewa tarihinsu ya tsaya a kan duwatsun dā, domin gumin kakannin mazauna yana cikin waɗannan bangwayen. Sai dai matatar na aiki har yanzu, kuma yawancin gaɓar tekun na hannun tashar jiragen ruwa da kamfanoni, ba inda yaran garin za su yi iyo.