Girman totur-bodi: tambayoyin da na gaji da amsawa

Duk wanda ya canja kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji, ko ya sa sabuwar salansa, washegari sai ga shi da maganar totur-bodi. Na amsa har bakina ya gaji, don haka ga su nan a wuri ɗaya. Injin da ba shi da turbo nake magana a kai, wanda yake zuƙar iskarsa da kansa.

Mene ne ma aikin totur-bodi?

Maƙogwaron inji ne. Bututu ne da faifai a ciki. Ka taka totur, faifan ya buɗe. Ka ɗaga ƙafa, ya rufe. Shi ke nan.

In na sa babba, ƙarfi zai ƙaru?

Sai in wanda ke jiki yana shaƙe injin. Fistin ne ke jan iska, shi totur-bodi hanya kawai yake bayarwa. In hanyar ta isa, ƙara mata faɗi asarar kuɗi ce.

To ai abokina ya sa babba, kuma motarsa ta ƙara zafi.

Ƙafarsa ce ta ruɗe shi. Babban faifai in ya ɗan buɗe kaɗan, iskar da ke wucewa ta fi ta ƙaramin yawa, sai motar ta zabura daga ɗan taɓawa. Abin da a da sai ya kai rabin totur yake samu, yanzu a kwata yake samunsa. Amma in ya danne har ƙasa, ƙarfin nan dai ne na jiya. Ka ce masa ya hau na'urar gwajin ƙarfi kafin ya sake yi maka cika baki.

Injina lita 2 ne, na sa kamshaf mai zafi, an gyara kan inji, ina kai shi juyi 7,000 a minti. Totur-bodi mai faɗin milimita 60 zan bari, ko in koma 65 ko 70?

Wannan ita ce tambayar kirki, kuma ba ta da amsar kalma ɗaya. Zauna mu yi lissafi.

Injin mota yana cika silindodinsa sau ɗaya a kowane juyi 2. A juyi 7,000 ke nan sau 3,500 zai cika, lita 2 sau 3,500 ya ba ka lita 7,000 a minti. Ba kasafai yake cika maƙil ba, mu ce kashi 95 cikin 100, sai ya zama lita 6,650, wajen lita 110 a kowace daƙiƙa. Rami mai milimita 60 yana da fili murabba'in milimita 2,827, amma sandar da ke riƙe da faifan tana tsaye a tsakiya ko an buɗe duka, ta cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar. Iska za ta ratsa da gudun mita 50 a daƙiƙa ko kusa da haka. Matsin da za ka rasa a wannan gudun bai wuce kilofaskal 1.5 ba, alhali iskar waje a bakin teku tana da wajen 101. Koma 70: fili ya ƙaru da kashi 36 cikin 100, gudu ya sauka zuwa wajen mita 35, asarar ta ragu da rabi. Abin da ka ƙwato bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. A injin da ke ba da doki 180, doki ɗaya ne ko biyu. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Kai za ka faɗa.

Sai dai kada ka ɗauki lissafin nan ka rantse da shi. Matsakaicin gudu ne, ita kuwa iska fizga-fizga take shiga, kowace silinda da lokacin janta. In tulun manifol ɗinka, wato inda iska ke taruwa kafin ta bi ƙafafunsa zuwa kowace silinda, ƙarami ne, fizgar tana isowa har totur-bodi, asarar ta fi abin da takarda ta nuna. In kuma nan gaba za ka kai injin 8,500, ko ka ƙara masa girma, lissafin ya canja, don asarar matsi tana ninkuwa sau 4 in gudun iska ya ninka sau 2.

Saboda haka auna. Yawancin motocin da ke da na'urar MAP, mai auna matsin iska, a manifol za su nuna maka matsin a kwamfutar duba mota. Murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, ka rubuta adadin, wannan shi ne matsin iskar wurin da kake. Sannan a kan na'urar gwaji ko filin tsere, a giya ta 3, danne totur har juyin ya kai ƙarshe, wani ya riƙe maka kwamfutar. Ban ce ka yi tuƙi kana kallon allo ba. In bambancin adadin biyu kilofaskal 1 ne ko 2, ni dai ba zan taɓa komai ba. In ya kai 4 ko 5, akwai abin da ke shaƙe injin, amma ba lalle totur-bodi ba ne. Filtar iska da bututun da ke gabansa duk suna cikin adadin nan. Cire su ka sake gwadawa a wuri mara ƙura. In har yanzu bambancin na nan, to sayi 65. Da wuya lita 2 a juyi 7,000 ya bukaci 70.

Amma ai na kamfani kullum ƙarami ne.

Wa ya faɗa maka? Honda ta sa milimita 60 a injinta B16A2, lita 1.6 mai doki 160. Injin LS3 na Chevrolet, lita 6.2 mai doki 430, milimita 90 ne. Kai da lita 2 kake hangen 80.

An ce babba yana kashe ƙarfin inji a ƙaramin juyi saboda iska ta rage gudu.

Kwantar da hankalinka. In totur-bodi ɗaya ne a gaban tulun manifol, gudun da ke da tasiri yana cikin ƙafafun manifol da kan inji, kuma ba ka taɓa su ba. Abin da za ka rasa shi ne ladabin mota: fizga a cunkoso, wahalar tashi a hankali, silo mai hawa da sauka.

Na sayi 70, bakin manifol ɗina 62 ne.

To 62 kake da shi, har da ƙarin tudu da iska za ta riƙa karo da shi. A faɗaɗa bakin, in akwai naman da za a ci.

Ɗan zoben nan da ake sawa tsakanin totur-bodi da manifol fa?

Ajiye kuɗinka.

Masu totur-bodi ɗaya-ɗaya a kowace silinda, ya lissafinsu yake?

Daban ne, kada ka haɗa. Toyota 4A-GE mai bawul 20 da baƙin murfi yana da guda 4 masu milimita 45. Haɗa filinsu, daidai yake da guda ɗaya mai milimita 90, a kan lita 1.6. Ba hauka suka yi ba. Kowace silinda tana jan iskarta ne a kusan kwata ɗaya na lokacin, sauran lokacin ramin yana zaune, dole a ba shi faɗin da zai ɗauki fizgar. A nan ne wuce gona da iri yake cutarwa da gaske, don ramin ya zama wani ɓangare na hanyar shiga silinda. Ka kuma tuna birki yana samun taimako daga zuƙar manifol, sai an haɗa masa layi daga dukkan ramukan.

Sai an sake saita ƙwaƙwalwar mota?

Sau da yawa, e. In kuma totur ɗinka na lantarki ne, ba mai waya ba, tabbatar ƙwaƙwalwar za ta karɓi sabon kafin ka biya. In ba ta gane shi ba, wuta za ta kama a dashbod, motar ta ƙi wuce tafiyar hawainiya.