Hoton Maganaɗisu da Auna Oksijin a Ƙwaƙwalwa

Hoton maganaɗisu, wanda aka fi sani da MRI, hanya ce ta ganin cikin jiki da taimakon maganaɗisu mai ƙarfi da igiyoyin rediyo, ba tare da an yanka mutum ba. Daga cikin ayyukan da masana ke yi da shi akwai bin diddigin yadda ƙwaƙwalwa ke cin iskar oksijin. Ƙwaƙwalwar baligi ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin da jiki ke amfani da shi a lokacin hutu. Ba ta kuma da ma'ajiyarsa: jini na yanke mata, cikin 'yan daƙiƙoƙi mutum zai suma.

Tarihi

Tunanin cewa jinin ƙwaƙwalwa na bin aikinta ya girmi na'urar nesa ba kusa ba. A wajajen 1880, masanin Italiya Angelo Mosso ya lura da marasa lafiya masu rauni a ƙoƙon kai, ya ga bugun jinin ƙwaƙwalwarsu na ƙaruwa idan aka sa su lissafi. A 1890, Charles Roy da Charles Sherrington a Ingila suka kawo hujjar cewa jinin da ke zuwa wani ɓangare na ƙwaƙwalwa yana bin aikin da ɓangaren ke yi.

Binciken da ya zama ginshiƙi ya fito ne a 1936 daga Linus Pauling da Charles Coryell a Amurka. Sun gano cewa himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin cikin jajayen ƙwayoyin jini, yana sauya hali a gaban maganaɗisu. Idan yana ɗauke da oksijin, kusan bai damu da maganaɗisun ba. Da ya sauke shi, sai maganaɗisun ya riƙa ɗan jan sa. A lokacin babu na'urar da za ta ci moriyar wannan a jikin mai rai. Sai a 1973 Paul Lauterbur ya wallafa hanyar haɗa hoto da maganaɗisu, aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel tare da Peter Mansfield a 2003.

A 1986, Peter Fox da Marcus Raichle, da wata na'ura daban mai suna PET, wadda ke bin sawun wani sinadari da aka saka a cikin jini, suka ga abin da ya ba masana mamaki. Idan wani sashe na ƙwaƙwalwa ya kama aiki, jinin da ke kwarara zuwa gare shi kan ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, alhali cin oksijin ɗinsa bai ƙaru da fiye da kashi 5 ba. Wato jinin da ake turowa ya fi buƙata yawa. Seiji Ogawa, ɗan Japan mai aiki a Bell Labs, wata cibiyar bincike a Amurka, shi ne ya nuna a 1990, a kan ɓeraye, cewa MRI na iya ganin bambancin oksijin a jijiyoyin jini. Ya kira wannan alamar BOLD, wato alamar da ta dogara da yawan oksijin a jini. A 1992 rukunonin masu bincike uku a Amurka suka wallafa sakamako a kan mutane, kuma an sha muhawara kan wanda ya riga wani.

Yadda take aiki

Himoglobin da ya sauke oksijin yana dagula maganaɗisun da ke kewaye da jijiyar jini, sai alamar da na'ura ke karɓa ta raunana. Idan sabon jini ya malalo fiye da buƙata, yakan wanke wancan, alamar ta ɗan ƙaru, yawanci da 'yan kaso kaɗan cikin 100. Martanin jinin yana da nawa: yakan kai ƙololuwa bayan daƙiƙa 4 zuwa 6, alhali ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na aika saƙo cikin ƙiftawar ido.

Nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara. Launukan da ake gani a hotunan ƙwaƙwalwa sakamakon lissafi ne, kuma BOLD ba ta auna cin oksijin kai tsaye, domin yawan jini da saurin gudunsa duk suna cikinta. Shi ya sa a 1998 aka fito da dabarar shaƙa wa mutum iska mai ɗan ƙarin kabon dayoksaid, wadda ke buɗe jijiyoyin jini, don a ware rabon jini daga rabon oksijin. Wasu hanyoyin kuma suna auna jinin da ke fita daga ƙwaƙwalwa. A lafiyayyen mutum, ƙwaƙwalwa kan zare kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na oksijin ɗin da jini ya kawo. Akwai masu amfani da oksijin-17, wani nau'in oksijin da MRI ke iya gani kai tsaye, amma yana da tsada ƙwarai.

Amfani a yau

Likitoci kan yi wannan hoto kafin tiyatar ƙwaƙwalwa don gano wuraren magana da motsi. Ana kuma nazarin shanyewar ɓarin jiki, ciwon sikila da cutar mantuwa da shi, galibi a matakin bincike.

Saɓani

Masana ba su daidaita ba kan dalilin da ya sa jini ke zarce buƙata, haka ma kan ɗan raguwar alamar da wasu ke gani a farkon martani.