Waiwaye: Famfunan ja da kore na Bangaladash

A shekarun 1970, amai da gudawa na kashe yara ba adadi a ƙauyukan Bangaladash saboda shan ruwan tafki da kogi. Gwamnati da UNICEF suka duƙufa haƙa rijiyoyin burtsatse masu famfon tuƙa-tuƙa, daga baya magidanta suka riƙa haƙa nasu a tsakar gida, har suka kai miliyoyi. Mutuwar yara ta ragu ƙwarai.

Abin da ba a auna ba shi ne asenik, gubar da ke cikin ƙasa tun asali, ba launi, ba ɗanɗano, ba wari. Sai a 1993 aka tabbatar da ita a rijiyoyin yankin Chapai Nawabganj. A lokacin tafin hannun wasu ya riga ya yi kanta, baƙaƙen ɗigo sun feso musu a ƙirji da baya, har maƙwabta na gudunsu da zaton kuturta ce.

Daga ƙarshen shekarun 1990, da tallafin Bankin Duniya, ma'aikata suka bi ƙauye ƙauye da 'yan akwatunan gwaji, suka auna rijiyoyi kusan miliyan 5. Wadda asenik ɗinta ya haura ma'aunin ƙasar, wato mikirogiram 50 a lita (mikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), a shafa wa bakin famfonta jan fenti. Wadda ba ta kai ba, kore. Wannan dabara ta burge ni, domin uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya karanta sakamakon da idonta, ta ɗauki tulu ta nufi gidan maƙwabciya. Sai dai ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya mikirogiram 10 ne, don haka ba kowane koren famfo ne lafiyayye ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an gama. Rana da damina suka cinye fentin. Aka ci gaba da haƙa sababbin rijiyoyi waɗanda ba su cikin kowane rajista, alƙaluman da aka sha wahalar tarawa kuma suka tsufa ba a sabunta su ba. Wannan ya fi ci mini rai, don kuɗin sake auna rijiya bai kai na jinyar mutum ɗaya da gubar ta jawo wa ciwon daji ba. A 2016 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce mutum miliyan 20 na shan ruwan da ya wuce ma'aunin ƙasar, kuma kimanin 43,000 na mutuwa duk shekara sanadiyyar gubar.