Kalmar Turanci ba ma'ana ɗaya gare ta ba

Har yau ɗalibai da yawa a Bauchi, musamman masu shirin WAEC da JAMB, suna haddar kalmomin Turanci bibbiyu, kalma da fassararta, da zaton kowace ma'ana ɗaya gare ta. Wannan tunanin ya daɗe, kuma shi ke kayar da su a tambayoyin fahimtar rubutu.

Ɗauki charge. A rumfar masu caji ta kasuwar Wunti, cika batirin waya ne. A kotu tuhuma ce, a wajen tela kuma kuɗin ɗinki. Fine ɗin da yaro ke amsa gaisuwa da ita, ita ce tarar da ake cin direba. Bank kuwa kalmomi biyu ne ma masu asali daban da rubutunsu ya zo ɗaya: na ajiyar kuɗi daga Italiyanci ya fito, daga sunan teburin 'yan canji, ɗayan kuma gaɓar kogi ne, kamar ta Gongola.

Abin mamaki, ƙananan kalmomin nan da ake rainawa su suka fi rikici. A bugun 1989 na babban ƙamus ɗin Oxford, set na da ma'anoni 430. Da aka sabunta bayanin kalmar run a ƙamus ɗin a 2011, aka ƙirga mata ma'anoni 645.

Mu ma haka muke yi ba mu lura ba: mu ci tuwo, mu ci jarrabawa, mu ci bashi, wani ya ci amana. Kalmomin da ke kewaye da "ci" su ke nuna wanne ake nufi, kuma haka ake gano charge ɗin da ke cikin takardar jarrabawa.