Yoɗo da riɗi a gaban doka: wane iri ne ake iya mallaka da takarda?

Duk wanda ya ratsa gonakin gero na jihar Tawa a ƙarshen damina ya san yoɗo. Da kansa yake fitowa a jigawa, mata su tsinko ganyen su shanya, a daka, a kaɗa miya mai yauƙi. Tambayar da manoma ke yawan yi ita ce: wani zai iya ɗaukar tsiro irin wannan ya yi masa takarda, ya ce nasa ne?

Amsar tana cikin Yarjejeniyar Bangui ta 1977, wadda ta kafa OAPI, hukumar kare haƙƙin ƙirƙira mai mazauni a Yaounde ta Kamaru. Nijar na cikin ƙasashenta 17. Ƙari na 10 na yarjejeniyar, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2006, shi ne ya shafi sabon irin shuka. Takarda ɗaya tana aiki a dukkan ƙasashen, tsawon shekara 25, muddin ana biyan kuɗinta na shekara-shekara.

Abu na farko: dokar ta ware tsirran daji, wato waɗanda ɗan Adam bai shuka ba kuma bai inganta ba. Wanda ya tsinci yoɗo a daji bai ƙirƙiri komai ba. Sai in ya yi ta zaɓe yana shukawa, damina bayan damina, har ya fid da wani iri mai kamanninsa daban, sannan zai iya neman takarda, kuma a kan wannan irin kaɗai. Yoɗon jigawa yana nan na kowa.

A nan siffar tsiro ke shiga shari'a. Yoɗo, wanda masana suka daɗe suna kira Ceratotheca sesamoides, ɗan ƙaramin gida ne mai jinsi biyar kacal, duk a Afirka, kuma dangin riɗi ne na kusa, har wasu masanan yanzu sun haɗe su gida ɗaya. Damina ɗaya yake rayuwa. Ganyensa na fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, mai faɗi a gindi da haƙora a gefe, ya tsuke a kai. Furen ɗaya-ɗaya ne a hammatar ganye, kamar ƙaramar ƙararrawa, ja-ja mai haske da zane-zane a leɓen ƙasa. Kwanson ’ya’yansa a baje yake, da ƙaho biyu a kai, ɗaya ta kowane gefe. Na riɗi kuwa baki ɗaya ne mai tsini. Amma wannan bambanci ne tsakanin jinsi da jinsi. Abin da doka ke nema ya fi haka ƙanƙanta: bambanci tsakanin riɗi da riɗi, ko yoɗo da yoɗo.

Gwajin da ake yi, wanda ma'aikatan gona ke kira DHS a taƙaice da Faransanci (wato bambanci, kama da juna, da rashin canzawa), a gona ake yin sa, galibi shuka biyu. A jera sabon iri kusa da sanannun ire-iren da suka fi kama da shi, a riƙa rubutawa: kwana nawa ya yi kafin fure, yawan rassa, launin fure, fure nawa a hammata ɗaya, tsawon kwanso, launin ƙwaya. Dole ya fita daban a fili. Dole tsirransa su yi kama da juna. Dole kuma abin da aka girbe aka sake shukawa ya fito yadda aka san shi.

Sharaɗi na biyun nan ne ke kayar da irin gargajiya. Ɗebo tiya ɗaya ta riɗin kasuwa ka baza a faifai: fari ne, da ja-ja, da baƙi jefi-jefi. Ga manomi wannan gauraye kariya ce, in wani ya ƙi wani ya yi. Ga mai gwaji kuwa faɗuwa ce. A ganinmu nan ne dokar ta fi karkata ga cibiyoyin bincike da kamfanoni, ta bar mai rumbu a baya.

Akwai kuma sharaɗin irin ya zama sabo, inda masu fid da iri ke yawan yin asara ba su sani ba. In an sayar da irin a cikin ƙasashen OAPI fiye da shekara 1 kafin ajiye takardun nema, ya tashi daga sabo. In a waje ne, shekara 4. Itatuwa da inabi kuwa, a waje shekara 6. Saboda haka a fara kai takardu, kai tsaye ko ta ofishin da ke wakiltar OAPI a Yamai, kafin a kai buhu kasuwa. Sunan da za a ba irin ma kada ya rikita mai saye. Mutanen Galmi sun san zafin wannan, tun lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi takarda da sunan albasarsu, Violet de Galmi, manoma suka yi ca, aka sauya sunan.

To, in iri na da takarda, me aka hana? Yawaita shi, gyara shi don shuka, sayarwa, shigowa ko fita da shi, da tara shi don haka, duk sai da izinin mai shi. An bar wa mai bincike ya yi gwaji ko ya fid da wani iri daga ciki. An bar wa manomi ya ajiye daga girbinsa ya sake shukawa a gonarsa, ban da itatuwan marmari, na daji da furannin ado. A lura da kalmar "gonarsa": auna wa maƙwabci tiya biyu ya shuka, a karɓi kuɗi, bai shiga cikin wannan rangwame ba.