Gidan da banki ya sa a gwanjo, ga rima ga fumfuna: me dokar Ghana ta ce?

Lokaci-lokaci jaridun Accra kan buga sanarwar gwanjon gidajen da masu su suka kasa biyan bashin banki, kuma farashin da ake ambatawa yakan ja hankalin ɗan kasuwar Nima ko Maamobi da ya tara kuɗi yana neman gidan da zai zuba 'yan haya. Idan aka je dubawa sai a tarar bango ya yi baƙi daga ƙasa har zuwa gwiwa, fenti yana ɓamɓarewa, ɗakuna suna warin rima, dillali kuwa yana cewa 'yan buhunan siminti da bokitin fenti za su gyara komai. Abin da ya kamata mai saye ya sani tun farko shi ne, dokar ƙasar nan ta yi dogon bayani a kan yadda za a raba wanda ake bi bashi da gidansa, amma ba ta yi wa mai saye alkawarin komai ba game da lafiyar ginin.

A ƙarƙashin Dokar Jingina ta 1972, jinginar da gida ba ta mayar da shi mallakar banki. Gidan yana nan na mai shi, banki dai yana da haƙƙin a sayar domin ya karɓi kuɗinsa, kuma a tsarin wannan doka kotu ce ke ba da umarnin sayarwa. Daga baya Dokar Bashin Gidaje ta 2008, mai lamba 770, da Dokar Masu Ba da Bashi da Masu Karɓa ta 2020, mai lamba 1052, suka buɗe hanyar sayarwa ba tare da shigar da ƙara ba, bisa sharuɗɗa. A dokar 2020, sai jinginar tana da rajista a ofishin rajistar kayan jingina da ke ƙarƙashin Babban Bankin Ghana, sai an rubuta wa wanda ake bi bashi takardar gargaɗi an ba shi kwana 30 ya biya, sannan sai ofishin rajistar ya ba banki takardar da ke nuna ofishin ba ya da ja a kan sayarwar. Idan kuwa gwanjon na zartar da hukuncin kotu ne, ana yin sanarwa aƙalla kwana 21 kafin ranar, kuma wanda ya ci gwanjon yakan karɓi takardar shaidar saye daga kotu.

Waɗannan matakai ba damuwar banki ba ce shi kaɗai. Idan an tsallake ɗaya daga cikinsu, tsohon mai gida yana iya zuwa kotu ya ƙalubalanci cinikin, kuma ko da mai saye ne zai yi nasara a ƙarshe, kuɗinsa sun riga sun maƙale a gidan da ba zai iya gyarawa da kwanciyar hankali ba, damina tana zuwa tana wucewa a kansa. Saboda haka lauyan mai saye ya nemi ganin waɗannan takardu da idonsa kafin a biya ko sisi. Ya kuma sani cewa har zuwa lokacin da aka kammala ciniki, mai gida yana da damar biyan bashinsa ya fanshi gidansa.

Sai batun abin da ake saye. Banki ba zai iya sayar da abin da ya wuce wanda mai gida ya mallaka ba. Yawancin gidajen Accra da Kumasi suna kan filin sarauta, ko na dangi, ko na gwamnati, kuma abin da ke hannun mai gida shi ne hayar ƙasa ta wasu shekaru, galibi 99 ga ɗan ƙasa. Kundin tsarin mulki na 1992 ya hana a ba wanda ba ɗan ƙasa ba fiye da shekara 50 a lokaci guda, abin da ya shafi 'yan'uwanmu na Nijar da Najeriya da ke kasuwanci a nan. Idan an rubuta indenca, wato takardar yarjejeniyar hayar filin, tun shekarun 1960, shekarun da suka rage su ne kaɗai mai saye zai samu. Binciken Hukumar Filaye shi zai nuna sunan wa ke kan filin da kuma ko akwai wata jingina ko ƙara a kansa. A Kumasi, inda filaye da yawa ke ƙarƙashin sarautar Asante, a haɗa da tambaya a sakatariyar filaye ta Asantehene da ke Manhyia.

Akwai wata matsala da ta fi yawa a zangonanmu, wato gidan gado. Uba ya rasu, ba a raba gado ba, ba a karɓi takardar kula da dukiyar mamaci daga kotu ba, sai ɗa ɗaya ya ɗauki takardun gida ya kai banki. Ranar da sauran magada suka ji labarin gwanjo, shari'a ta tashi ke nan. Haka nan Dokar Filaye ta 2020, mai lamba 1036, ta ce gidan da ma'aurata suka saya a cikin zaman aure ba a sayar da shi ko jinginar da shi sai da rubutacciyar yardar ɗayan. A ganina, duk gidan da ba a ga sa hannun magada ko na matar gida a takardunsa ba, arahansa ba ta kai a taɓa shi ba.

Game da rima da fumfuna kuwa, ƙa'idar da kotunan Ghana ke bi a cinikin tsohon gida ita ce, mai saye shi zai buɗe idonsa. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ke cikin mallakar gida, amma ba wajibi ba ne ya lissafa tsagewar bango ko yoyon rufi. Sharuɗɗan gwanjo kuma galibi sukan faɗa ƙarara cewa ana sayar da gida ne a yadda yake. Ƙofar da ta rage ita ce ta yaudara: idan an tambayi mai sayarwa ya yi ƙarya, ko an shafe bango da sabon fenti da gangan domin a ɓoye ɓarna, ana iya kai ƙara. Sai dai tabbatar da haka a kan banki yana da wuya, domin banki zai ce bai taɓa kwana a gidan ba. Shi ya sa duk tambayar da za a yi, a yi ta a rubuce, a karɓi amsa a rubuce.

Tunda doka ta bar wannan nauyi a wuyan mai saye, to ya san daga ina ruwan yake, domin ba duk rima ce iri ɗaya ba. Wadda ta zo daga sama, ta ruɓaɓɓen kwano ko fasasshen bututu, takan bar tabo a silin da saman bango, kuma ita ce mafi sauƙin magani: a toshe yoyo, a cire silin da katakon da suka ruɓe, a bar ɗaki ya bushe sosai kafin a yi fenti. Wadda ke tasowa daga ƙasa ta fi taurin kai. Alamarta ita ce wani layi da ya zagaye ɗaki bai cika wuce mita ɗaya ba, da farin gishiri da ke fitowa a kan filasta, wanda in ka shafa da yatsa yake zubowa kamar gari. Wannan yana nuna ba a sa abin tare danshi a tushen gini ba, kuma liƙa tayil a bango, yadda aka saba yi a Accra, ba ya kashe ta, tura ta sama kawai yake yi. Idan har danshin ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren ginshiƙi, to magana ta wuce birkila, sai injiniyan gini ya duba ya rubuta rahoto. Kuma kada a yarda da dubawar lokacin hunturu, sa'ad da iska ta busar da kowane bango. A watan Yuni ake sanin gaskiyar gida a Accra, in kuwa gwanjon ba zai jira ba, a tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya musu bara.

Mafi muni shi ne gidan da ke kan hanyar ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni, 2015, ya san abin da kogin Odaw ke yi wa unguwannin Alajo da Circle a Accra, mazauna bakin kogin Densu kuma sun san abin da ke biyo bayan buɗe madatsar Weija. A nan rima ta zama batun doka. Dokar Ƙananan Hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta wajabta izinin gini, ta kuma ba majalisar gari ikon rushe ginin da ba shi da izini ko wanda ya tare hanyar ruwa. Takardar saye daga banki ko daga kotu ba ta wanke wannan laifi, yana bin ginin duk hannun da ya shiga. Don haka a je ofishin tsara gari na majalisar yankin a tambayi izinin ginin da matsayin filin, a kuma lura ko akwai ragowar jan rubutun hukuma a jikin katanga.

Wanda ya saya domin haya yana da ƙarin lissafi. Sau da yawa akwai mutane a cikin gidan, wasu sun biya tsohon mai gida adibas na shekara biyu, duk da Dokar Haya ta 1963, mai lamba 220, ta iyakance adibas ga wata shida. Ba a fitar da su da ƙarfi ko ta hanyar cire musu kwanon rufi, sai ta ofishin kula da haya da kotu, shi ma tsohon mai gida in ya ƙi tashi sai da umarnin kotu. Bayan gyara ma, zuba iyali a ɗakin da fumfuna ke dawowa zalunci ne, domin tana tayar da asma da tari, musamman ga yara da tsofaffi, kuma jami'an tsabta na majalisa suna da ikon gurfanar da mai gida.

Kafin a faɗi farashi a wurin gwanjo, a haɗa kuɗin gyaran da injiniya ya ƙiyasta da bashin harajin gida, da kuɗin ƙasa na shekara-shekara, da tsofaffin bil na wuta da ruwa, da ladan lauya, da harajin hatimi, wanda in ba a biya shi ba kotu ba ta karɓar takardar cinikin a matsayin shaida. Biyan kuɗin kuma ya bi ta banki, domin Dokar Dillancin Gidaje ta 2020, mai lamba 1047, ba ta yarda da tsabar kuɗi hannu da hannu ba a irin wannan ciniki.