Bindigar ajiya don 'yan uwa: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Tun daga watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta shaida wa mutanen Zamfara cewa su nemi lasisin bindiga don kare kansu, har ta ce za a raba takardun neman izini 500 ga kowace ɗaya daga masarautun jihar 19, magana guda ce take dawo mini ta fuskoki daban-daban. Magidanci zai zo ya ce yana so ya tanadi bindigogi biyu ko uku ya ɓoye, domin ranar da 'yan bindiga suka shigo gari ya miƙa wa ƙannensa da 'ya'yansa. Na amsa wannan a zaure, na amsa a wajen ɗaurin aure, na amsa har a wajen zaman makoki. Ga amsoshin a rubuce, wanda ya sake tambaya sai in nuna masa nan.

Tambaya: Wace irin bindiga ce ta fi dacewa in ajiye wa ƙannena?

Amsa: Babu ita. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ba ta san wani abu wai shi bindigar ajiya ba. Lasisi na mutum ɗaya ne, da sunansa, a kan bindigar da aka rubuta a ciki.

Tambaya: To idan ni ina da lasisi, bai wadatar wa mutanen gidana ba?

Amsa: Bai wadatar ba, kamar yadda lasisin tuƙinka bai halatta wa ɗanka hawa kan titi da motarka ba. Dokar ta hana kowa, ko dillali ne ko ba dillali ba, ya sayar ko ya miƙa bindiga ko harsashi ga wanda bai nuna nasa izinin ba, kuma ba ta ware ɗan'uwa na jini ba.

Tambaya: Amma ai gwamnoni da kansu suka ce mu kare kanmu?

Amsa: Sun faɗa. Janar T.Y. Danjuma ya faɗi makamancin haka a Jalingo a 2018, Aminu Bello Masari ya faɗa yana gwamnan Katsina a 2021, sannan gwamnatin Zamfara a 2022. Sai dai jawabin gwamna ba doka ba ne, kuma bindiga tana cikin abubuwan da Tsarin Mulki ya bar wa gwamnatin tarayya ita kaɗai. Ba a daɗe da sanarwar Zamfara ba babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin umartar kwamishinan 'yan sanda ya ba da lasisi. A watan Agustan 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Ranar da aka tsayar da kai gaban alƙali, gwamnan da ka ji a rediyo ba zai zo ya tsaya maka ba.

Tambaya: Wane ne ma yake ba da lasisin?

Amsa: Ya danganta da bindigar, domin dokar ta kasa su gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin su mashinga, da bindigogin soja kamar AK-47, da ƙananan bindigogin hannu, kuma waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne na ɗure, wato bindigar toka da harbi-ka-ruga, waɗanda al'amarinsu yake wajen kwamishinan 'yan sandan jiha. Hukuncin riƙe ta kashin farko ba tare da izini ba ɗaurin shekara goma ne a ƙalla, kuma a ƙalla na ce. Bindigar nan mai jan hannu da ake kira fam-akshin, wadda mutane suke ɗauka ta farauta ce kawai, dokar ta cire duk bindigar farauta mai na'urar sake ɗura harsashi irinta daga kashi na biyu, saboda haka kada wani dillali ya ruɗe ka da ita.

Tambaya: Ɗana yana da shekara goma sha biyar, amma yana da ƙarfi da zuciya. Ba zan fara koya masa ba?

Amsa: Doka ta hana ba wa ɗan ƙasa da shekara 17 lasisi, haka mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka taɓa hukuntawa kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ni kuma ina ƙara maka da cewa zuciyar da kake yabo ita ce abin da ya kamata ka ji tsoro. Ka bar yaro ya yi karatunsa.

Tambaya: Ina da bindiga mai baki biyu da lasisina na halal. Idan 'yan bindiga suka shigo da dare ba na gida, ko ina kwance ba lafiya, ƙanena zai iya ɗaukarta ya kare iyali?

Amsa: Wannan ce kaɗai tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan ba ka amsar eh ko a'a ba, domin duk wanda ya ba ka ita a taƙaice bai yi maka adalci ba. Magana biyu ce ta haɗu a nan, kuma kotu tana duba kowace daban. Ta farko ita ce haƙƙin kare kai. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda cewa mutum na iya amfani da ƙarfin da ya zama dole don kare wani daga farmaki ko kare dukiya, kuma kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa ya ba kowa damar kare jikinsa da jikin waninsa. Ta wannan fuskar, mutumin da aka fasa wa ƙofa cikin dare, ga mata ga yara a bayansa, ya kai hannu ga abin da ya samu, yana da hujjar da lauya zai iya tsayawa a kanta. Amma haƙƙin yana da iyaka, domin ba a yarda a yi ɓarna fiye da abin da kariyar take buƙata ba, kuma da zarar haɗarin ya gushe haƙƙin ya ƙare. Wanda ya bi maharin da ya juya baya ya harbe shi a bayan gari ya fita daga kare kai, ya shiga wani babi dabam.

Magana ta biyu ita ce riƙe bindigar kanta. Ƙanenka ba shi da lasisi, saboda haka ko da an wanke shi daga laifin harbi, ana iya tuhumarsa da riƙe makami ba bisa ƙa'ida ba, kai kuma a tambaye ka yadda aka yi ya san inda take har ya kai gare ta, alhali doka ta ɗora maka alhakin tsare ta a kowane lokaci. Akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya ɗauki bindiga na 'yan mintoci cikin tsananin larura sannan ya ajiye ya kai rahoto, da wanda aka ba shi ita tun watanni yana kwana da ita a ƙarƙashin katifa. Na farkon zai fi samun sassauci a wajen mai bincike da alƙali, ko da yake ba ni da ikon yi maka alkawarin haka. Na biyun kuwa shiri ne da aka yi da gangan, kuma da wuya a kira shi larura.

Sannan mu bar kotu mu koma tsakar gida. Ƙanen nan ya taɓa harbi kuwa? Ya san yadda take dukan kafaɗa, ya san harbi biyu kawai gare ta kafin a sake ɗurawa? Cikin duhu, ana ihu, mutane suna gudu ta ko'ina, wanda bai saba ba yana harbin duk abin da ya motsa, kuma abin da yake motsi a tsakar gidanka yawanci naka ne. Waɗanda yake fuskanta kuwa sukan zo da yawa a kan babura, da bindigogin yaƙi. Akwai lokacin da ƙarar harbi ɗaya take sa ɓarawon shanu ya canza shawara, ban musa ba, akwai kuma lokacin da take jawo a ƙone gidan gaba ɗaya, kuma ba mai iya faɗa maka tun yau wanne ne zai faru. Idan jami'an tsaro suka iso suka ga farar hula da bindiga a hannu, su ma ba su da hanyar sanin ko wane ne shi. Abin da nake gaya wa duk wanda ya kawo mini wannan tambaya shi ne, idan har akwai ƙanen da ka amince da hankalinsa da natsuwarsa, to ya nemi nasa izinin da sunansa duk lokacin da ƙofa take buɗe, ko ya shiga rundunar da gwamnati ta kafa ta kuma horar, irin jami'an tsaron al'umma da Katsina ta ƙaddamar a 2023 ko Askarawan Zamfara na 2024. Kafin nan kuma ka tafi da lasisinka wajen lauya ya karanta sharuɗɗan da aka rubuta a jikinsa, domin ba ni na gan shi ba.

Tambaya: Maƙerin garinmu yana ƙera bindiga mai kyau da araha. Me zai hana?

Amsa: Ƙera bindiga ba tare da izini ba laifi ne, saye ma laifi ne. Bututun ruwa kuma ba a yi shi don ɗaukar ƙarfin albarushi ba, kuma idan ya fashe, yatsun mai harbi da idonsa yake fara ci.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar bindiga mai lasisi. Ta zama gadonmu?

Amsa: Allah Ya jiƙansa. Kada hankalinku ya tashi, ba ku yi laifi ba don kun same ta a ɗakinsa, domin doka ta ba magada kwana goma sha huɗu bayan rasuwa. Ku je ofishin 'yan sanda da lasisin cikin waɗannan kwanaki ku sanar, kada ku bari sai bayan sadakar arba'in. Ana gadon bindigar a matsayin dukiya, amma ba a gadon lasisi. Haka nan idan bindiga ta ɓace ko aka sace ta, kwana goma sha huɗu ne wa'adin sanarwa.

Tambaya: Idan na binne bindigogin babu wanda ya sani, ina matsalar?

Amsa: Kai da ka ce za ka raba wa ƙannenka da 'ya'yanka, ta yaya babu wanda ya sani? Kowannensu yana da mata, yana da aboki, yana da majalisar da yake zama. Babban abin da ya addabi ƙauyukanmu shi ne masu kai wa 'yan bindiga labari, kuma gidan da aka ji yana da makami shi ake fara nufa, domin su ma bindigar suke so. Ban kuma manta da rigimar gona da ta gado da kishi tsakanin 'yan uba ba. Harin da kake tsoro yana iya zuwa yana iya ƙin zuwa, amma saɓani tsakanin 'yan uwa ba ya shekara bai leƙo gida ba, kuma a ranar kowa ya san inda aka binne abin.

Tambaya: To mu zauna mu naɗe hannu ke nan?

Amsa: Ban ce haka ba, kuma na san zafin da yake sa mutum ya yi wannan tambaya. Kuɗin bindigogi ukun nan ku saya wa gidan wayoyi masu riƙe caji da fitilu, ku gyara ƙofa da katanga. Ku zauna da iyali ku tsayar da hanyar fita da wurin haɗuwa, a san wanda zai ɗauki tsohuwa da wanda zai kama hannun yara, a kuma tanadi man babur da ba a taɓa shi. Lambar baturen 'yan sanda da ta kwamandan sojojin da ke kusa da ta mai gari su kasance a wayar kowane babba, har da mata, domin sau da yawa su ne suke gida. A samu mutum biyu a gidan da suka koyi tsayar da jini a wajen ma'aikacin asibiti. Sintiri kuma a yi shi da sanin hukuma da mai gari, a rubuta sunan kowa, domin mun ga yadda aikin sa-kai marar linzami ya mayar da rikicin shanu ya zama gaba tsakanin Hausawa da Fulani a Zamfara.

Tambaya: Na riga na saya tun bara. Yanzu yaya zan yi?

Amsa: Kada ka ɗauke ta ka hau babur da ita zuwa caji ofis, domin shingen farko da ka tarar a hanya zai zama ƙarshen bayaninka. Ka sami lauya tukuna, shi ya tuntuɓi 'yan sanda ko cibiyar ƙasa mai kula da ƙananan makamai da ke ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, a tsara yadda za a miƙa ta, a kuma ba ka takardar shaidar karɓa. Kafin ranar, ka cire harsasan ka kulle su a wani wuri dabam, makullin kuma ya zauna a aljihunka.